Malam na magana, allo ba ya karantuwa: zare kan ɗora silaid a bidiyon lakca

1/
Wannan zaren na masu ɗaukar karatu a bidiyo ne: malaman lesin, malaman Islamiyya, 'yan jami'a da kwaleji, da duk wanda yake da lakca kwance a waya yana son ya ɗora mata silaid, wato shafukan nan irin na PowerPoint. Zai yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Wanda datarsa ke gargara ya adana shi, ya dawo daga baya.

2/
Kusan kullum sai an tambaye ni: "Wace manhaja ce ta fi ga ɗan koyo?" Zan kawo sunaye, kar ku damu. Amma a wurina zaɓen manhaja shi ne mafi sauƙi a aikin nan. Abu uku ake nema: ɗalibi ya ji muryar malam tas, ya iya karanta rubutun a ƙaramar waya, sannan bidiyon ya yi rashin nauyin da zai iya isa hannunsa. Duk manhajar da ta ba ka ukun nan ta gama maka komai.

3/
Bari in faɗi inda na samo wannan ra'ayin. Ni ɗan Mada ne, a ƙaramar hukumar Gusau. Duk ɗan Zamfara yana tuna Satumban 2021. A farkon watan aka rufe makarantu saboda satar ɗalibai, kwana kaɗan bayan nan aka katse layukan waya a duk faɗin jihar. An dakatar da kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Mutane har Funtuwa suke zuwa don su buga waya kawai.

4/
Cikin garin Gusau aka fara maido wa layi, mu na gefe sai daga baya. To a tsakanin nan babu aji, babu WhatsApp, babu YouTube, ga yara masu shirin WAEC da NECO da JAMB zaune a gida. Wani malamin Kemistiri a garinmu, Allah ya saka masa da alheri, sai ya fara jingine wayarsa a kan benci yana ɗaukar kansa yana koyarwa a gaban allo. Yara su zo da memori, ko a tura musu ta Xender, daga waya zuwa waya.

5/
Karatun ya yi kyau, murya na fita. Matsalar allo ce. Allon siminti ne da ya sha alli har ya yi fari-fari, hasken taga na dukan rabinsa, wayar kuma tana nesa don ta ɗauko shi duka. Ƙanwata tana kallo, sai ta tsayar da bidiyon ta miƙo mini wayar: "Yaya, wanga biyu ne ko bakwai?" Na duba, na ƙara dubawa, na kai wayar kusa da ido. Ba ya rabuwa.

6/
Wanda ya yi Kemistiri ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. H2O ruwa ne. Ƙara wani ɗan ƙaramin 2 a bayan O, ya koma H2O2, abin nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Lamba ɗaya ce tsakanin ruwan sha da abin da ba a sha. Yaron da ya kwafi lambar da ba ita ba, da ita zai shiga ɗakin jarrabawa. Kuma a bidiyo ba wanda zai ɗaga wa hannu ya ce a maimaita.

7/
Na je na sami malamin. "Malam, ranka shi daɗe, da za a ba ni littafin da ake koyarwa da shi, in buga abin da ke allo a kwamfuta in ɗora kan bidiyon." Ya ce, "In ka iya, ai ka taimake mu." Ina da tsohuwar laftop mai PowerPoint da Shotcut a ciki tun kafin a ɗauke layi. Da su na fara, babu intanet ko na daƙiƙa ɗaya. Tun lokacin, abin da nake fara bincika a kowace manhaja shi ne: tana aiki in babu layi?

8/
To ga yadda aikin yake tafiya. Matakin farko babu manhaja a ciki, biro da takarda ne. Ka zauna ka kalli lakcar daga farko har ƙarshe, kana rubuta lokaci: 02:15 ya fara ma'anar asid, 05:40 misali na farko, 09:10 ya share allo. Wannan takardar ita ce taswirarka. Da ita za ka san silaid nawa kake buƙata da inda kowane zai shiga. Wanda ya tsallake ta zai kwana yana jan bidiyo gaba da baya.

9/
Mataki na biyu, haɗa silaid. PowerPoint, Google Slides, WPS Office, Canva, duk wadda ke hannunka ta isa, kuma duk suna da ta waya. Ka tabbata girman shafin 16:9 ne, irin na bidiyon da aka ɗauka waya na kwance. In ka yi shi 4:3 za ka ga baƙin fili hagu da dama, rubutun ya ƙara ƙanƙancewa a banza.

10/
Nan ne jama'a da yawa ke faɗuwa. Silaid ɗin da aka yi don majigi a babban ɗakin lakca daban yake da wanda za a kalla a wayar da fuskarta ta tsage, a cikin rana, ƙila mutum uku sun haɗa kai a kanta. Dokata: layi huɗu ko biyar a shafi, girman harafi kada ya gaza 32, baƙin rubutu kan fari ko fari kan baƙi. Ja a kan kore, ko ruwan ɗorawa a kan fari, ka bar wa masu katin biki.

11/
Gwajin da nake yi ke nan: in tura shafi ɗaya zuwa wayar da ta fi kowace ƙanƙanta a gidanmu, in miƙe hannu da ita, in karanta. In sai na kanne ido, rubutun ya yi yawa, a raba shi gida biyu. Ƙara shafi ba ya cin kuɗi ko sisi.

12/
Lissafi kuma kada ka zube shi gaba ɗaya. A ce malam zai daidaita 2H2 + O2 → 2H2O mataki uku. Ka yi shafi uku: na farko layi ɗaya, na biyu ka kwafe shi ka ƙara layi na biyu, na uku haka. In an jera su, ɗalibi zai ga kamar ana rubutawa a gabansa. In ya ga amsa tun malam bai kai wurin ba, idonsa zai tafi can, kunnensa ya bar malam.

13/
Masu rubutu da Hausa, ga taku. Ba kowane samfurin haruffa ne ke da ƙ, ɗ, ɓ ba. Wani sai ya maye su da ɗan akwati, wani ya aro su daga wani samfurin su fito a karkace. Noto Sans da Andika suna da su, kuma kyauta ne. A waya, Gboard na da allon rubutun Hausa. Kada "ƙasa" ta koma "kasa", ko "ɗaki" ya koma "daki", a gaban ɗalibai.

14/
Malaman Islamiyya, taku ta fi nauyi. Wasu manhajojin bidiyo in ka liƙa musu Larabci kai tsaye sai su wargaza haruffan, ko su juya layin, ko wasali ya gusa daga wurinsa. A aya ko hadisi wannan ba abin wasa ba ne. Mafita: ka rubuta a PowerPoint ko makamanciyarta, ka duba da Mus'hafi a gefenka, sannan ka mayar da shafin hoto.

15/
Wannan shi ne mataki na uku, kuma na kowa ne: mayar da kowane silaid hoto. A PowerPoint na kwamfuta ka adana fayil ɗin a matsayin PNG, zai tambaye ka shafi ɗaya ko duka, ka ce duka. A Google Slides ɗaya bayan ɗaya ake saukewa. A waya, ka buɗe shafin ya cika fuska ka ɗauki sikirinshot. Ka sa musu suna 01, 02, 03. Hoto ba ya canza kama a kowace waya.

16/
Yanzu mu shiga manhajar bidiyo. Duk iri ɗaya suke tunani, ka ɗauke su kamar gidan bene. Hawan ƙasa shi ne bidiyon malam, a shimfiɗe daga farko har ƙarshe. Hawan sama nan kake ajiye hotunan silaid. Duk abin da ke sama yana rufe na ƙasa a ido, amma muryar malam na ci gaba da fita. Wallahi in ka gane wannan, ka gane rabin editin.

17/
Sunan hawan saman ne kawai ke bambanta. A CapCut ka nemi inda aka rubuta Overlay, a InShot PIP, a KineMaster Layer. A Shotcut, Kdenlive da OpenShot kuwa, layin bidiyo na biyu kake ƙarawa a saman na farko ka jawo hoton kai. Hoton zai shigo da tsawon 'yan daƙiƙu. Ka kama gefensa ka ja, har ya kai inda takardarka ta ce malam ya gama wannan maganar.

18/
Lokacin shigowar silaid ya fi adonsa muhimmanci. Ya shigo daidai kalmar da malam ya fara ambaton abin. In ya riga shi, ya raba hankalin ɗalibi. In ya makara, ɗalibi na jin wani abu yana kallon wani. Zanen muryar nan mai kama da haƙoran zarto da ke jikin bidiyon zai taimaka maka: inda ya kwanta, malam ya ja numfashi ne, nan ne wurin canza shafi.

19/
Wannan ba gwanintar 'yan Mada ba ce. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara a Amurka ya shafe shekaru yana gwajinsa, ya tara a littafinsa Multimedia Learning na 2001. Daga abin da ya gano: mutum ya fi koyo in magana da hotonta sun zo lokaci guda, in an cire kayan ado marasa amfani, kuma in ba a cika allo da rubutun duk abin da ake faɗa da baki ba.

20/
To a ina za a sa malam? Hanya uku ce. Silaid ya cika fuska, murya kawai ake ji. Ko silaid ya cika, malam na ɗan lungu a ƙasa. Ko a raba fuskar biyu. Ta ukun ba ta yi mini a waya, kowa ya ƙanƙance. Ta biyun tana yi in ka bar mata fili a shafin tun farko. Ni dai na fi son a riƙa musanyawa: bayani, fuskar malam, lissafi ko zane, silaid shi kaɗai.

21/
Kada ka ɓoye malam gaba ɗaya. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun duba kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a dandalin karatu na edX. Sun ga bidiyon da ake haɗa fuskar malami da silaid ya fi riƙe ɗalibai a kan silaid zalla. Sun kuma ga yawanci kallo na fara zubewa bayan kamar minti 6, komai tsawon bidiyon. A nan ma haka na gani: yaro ya fi natsuwa in yana ganin malamin da ya sani.

22/
Shi ya sa lakcar awa guda ba na fitar da ita dunƙule. Ina yanka ta inda maudu'i ya ƙare, minti 8, 10, in ta yi yawa 15. Kowane yanki da lamba da suna: "03 Daidaita lissafi". Ribar biyu ce. Ɗalibi zai nemo abin da ya shige masa duhu ba tare da laluben awa guda ba, sannan wayar da ba ta da ƙarfi ba za ta riƙa tsayawa tana zafi a hannunka lokacin aiki ba.

23/
Akwai inda silaid ba shi ne mafita ba. Dogon lissafi, ko koyar da rubutun Larabci, ya fi kyau a ga hannu yana yi. Sal Khan da ya fara koyar da 'yar uwarsa lissafi daga nesa a 2004, ya fara ɗora bidiyo a YouTube a 2006, da murya da rubutun hannu a baƙin allo ya gina Khan Academy. Namu sauƙi: farar takarda, baƙar maka, waya a sama tana kallon ƙasa. Ka ɗora wannan a hawan sama kamar silaid.

24/
Murya. Ɗalibi zai jure hoto mai dishi-dishi, amma ba zai jure muryar da ke fitowa kamar daga rijiya ba. In ba a riga an ɗauka ba, a nemi ɗan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga. In babu, a sa waya ta biyu a aljihun gaban malam tana ɗaukar murya. Kafin a fara a tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Tafin zai fito a zanen murya na wayoyin biyu, da shi za ka daidaita su.

25/
A nisanci janareto da injin niƙa, a kashe fanka, a kashe layin wayar da ke ɗauka kada kira ya yanke karatu. Kuma don Allah, ban da kiɗa a ƙarƙashin lakca. Ban da shafi mai shigowa yana juyi kamar fanka, ban da walƙiya, ban da rubutu mai tsalle. Manhajojin nan cike suke da irin waɗannan saboda 'yan TikTok. A aji, yanka kai tsaye daga shafi zuwa shafi ya wadatar.

26/
Yanzu ga maganar da masu koyar da editin daga Turai ba sa damuwa da ita: nauyi. Waya in ta ɗauki bidiyo a 1080p, minti ɗaya kan ci sama da 100MB. Awa guda ta haura 6GB ke nan. Wa zai sauke wannan a Mada, ko Kwatarkwashi, ko ƙauyukan Tsafe da Bungudu, inda sai an nemi tudu kafin saƙo ya shiga? Balle a farkon 2025 an amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data.

27/
Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Nauyin bidiyo ya dogara ne da bitiret, wato yawan bayanin da yake ɗauka a kowace daƙiƙa. Bitiret na 1Mbps a awa guda 450MB ne. Rabinsa, 225MB. A 300kbps, minti 20 zai tsaya a 45MB. Albishir: silaid ba ya motsi, don haka ko an matse shi sosai rubutun na nan tas. Ɗora silaid na gyara karatu, yana kuma rage nauyi.

28/
Saitin da nake fitarwa da shi: MP4, 720p, hoto 24 ko 30 a daƙiƙa, bitiret a ƙasa. 4K ba ta da aiki a nan. In manhajarka ta fitar da shi da nauyi, HandBrake a kwamfuta kyauta ce, aikinta ke nan matse bidiyo. Ka fara gwada minti ɗaya, ka duba ƙananan lambobi sun fito, sannan ka saki sauran. Ka kuma tabbata da caji kafin ka fara fitarwa.

29/
Wurin turawa: a WhatsApp ka tura ta wurin Document, don in ka tura a matsayin bidiyo zai ƙara matse shi yadda ya ga dama. WhatsApp da Telegram duk suna ɗaukar fayil har 2GB. Amma hanyar da ta fi isa ga yaranmu har gobe ita ce mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender ko memori. Ka kai wa mai shagon caji da ke tura fina-finai kwafi. Ka haɗa da silaid ɗin a PDF don bita.

30/
To ga sunayen da na yi alkawari. In waya ce kawai gare ka: CapCut, ta kamfanin ByteDance masu TikTok, ita ce mafi saurin ganewa, sai dai wasu kayanta na masu biya ne, wasu kuma sai da intanet. VN ma tana da sauƙi da tsabta. InShot ta dace da gajeren yanki. KineMaster na da kyau wajen jera abubuwa hawa-hawa, amma ta kyauta tana manna tambarinta a kusurwa.

31/
In akwai laftop, ko tsohuwa ce: Shotcut, Kdenlive ko OpenShot. Duk kyauta ne, babu tambari, babu rajista, ba sa neman intanet bayan an saka su. OpenShot ta fi sauƙi ga ranar farko. Ni a Shotcut na zauna. Don ƙanƙanta malam zuwa lungu, ka mayar da shi hawan sama ka sa masa Size, Position & Rotate. In ta ce bidiyon wayarka na buƙatar sauyawa kafin aiki, ka amince, yana hana murya da baki saɓawa.

32/
Clipchamp na zuwa da Windows 11, tana da sauƙi, amma tana son shiga da asusu da intanet. DaVinci Resolve kuwa akwai ta kyauta, da ita ake haɗa manyan fina-finai, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi. Ɗora silaid goma sha biyu da ita kamar ɗauko tirela ne don kai buhu ɗaya kasuwa. Ka bar ta sai ka ƙware.

33/
In ba a riga an ɗauki lakcar ba, akwai gajeriyar hanya. PowerPoint na kwamfuta na iya ɗaukar murya, sababbin har da fuska, malam na magana yana canza shafi da kansa, a ƙarshe a fitar da MP4. OBS Studio ma kyauta ce, tana haɗa kyamara da fuskar kwamfuta lokaci guda. Nan babu sauran jeren hotuna, sai ɗan yanke farko da ƙarshe.

34/
Wata magana ga samari: manhajojin nan da aka fasa ake yawo da su a guruf, wai an buɗe komai kyauta. Ba ka san wanda ya fasa ba, ba ka san abin da ya cusa ba, kuma a wayar nan manhajar bankinka take. Ga na halal kyauta har sun yi yawa. Babu abin da ɗora silaid ke buƙata da sai an biya.

35/
Saura amana, ita ce ta fi duk abin da na faɗa. Lakca ta malam ce. Kada ka ɗauke shi a ɓoye, kada ka watsa sai da izininsa, ka rubuta sunansa in ya yarda. In ka gama, ka kai masa ya kalla tukuna. Duk abin da ka buga a silaid, yara za su ce "Malam ne ya ce". Kuskuren allo ana share shi da tsumma, na bidiyo in ya shiga waya ɗari ba mai kamo shi.

36/
Sannan mu a Zamfara akwai abin da ba ma wasa da shi. Bayan abin da ya faru a Jangebe a Fabrairun 2021, ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba. Kada fuskar ɗalibai ta fito, musamman 'yan mata. Ban da bajon yunifom, ban da allon sunan makaranta, ban da faɗin rana da lokacin da ake taruwa. In kyamara ta ɗauko su, ka rufe wurin da silaid ya cika fuska. Hawan saman na da wannan amfanin ma.

37/
Wani zai ce layi ya dawo, makarantu a buɗe, me ya rage? Ku lissafa da ni: 2020 korona ta rufe makarantu, 2021 ga abin da na faɗa, 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe saboda yajin aiki. Ban da ranakun da iyaye ke cewa yau ba mai bin hanya. Yaron da ke da darasi goma masu karantuwa a memori, aƙalla karatunsa bai tsaya cik ba.

38/
'Yan uwana na Jami'ar Tarayya ta Gusau, da FCE, da kwalejin lafiya ta Tsafe, da na Kaura Namoda da Talata Mafara: in kun koma gida hutu, akwai malami a garinku da ya iya koyarwa amma ba shi da lokacin zama da manhaja. Ku kuna da wayar, kuna da hannun. Ku same shi da ladabi ku nemi darasi ɗaya.

39/
Aikin gida ga mai son farawa: bidiyo na minti 5, silaid 5, manhaja ɗaya daga cikin na sama, nauyi kada ya wuce 20MB. In ka gama ka ba wani ƙaramin ɗalibi ya kalla a wayarsa, ka ce ya kwafe abin da ya gani a takarda. Ka gwada da littafin malam. In sun yi daidai, ka wuce darasi na biyu.

40/
Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, ya faɗi irin wayarsa ko kwamfutarsa don in san abin da zan ce masa. Wanda ya san wata dabarar rage nauyi da ta fi tawa ya kawo, muna so. Ku tura wa malaman da kuka sani. Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya sa wa karatun yaranmu albarka.